Ranar Da Iya Ta Sayar Da Gidanta Mai Taya

  Tun da na komo daga Amurka, duk wadda ta zo yi mini barka da sauka sai ta tambaye ni labarin dogayen benaye da ƙanƙara. To, ni inda aka kai ni hamada ce, rana tana duka kamar a Nguru. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne labarin wata tsohuwa wadda ta shekara 11 tana zaune cikin mota, sa'an nan ta komo tana koyon zaman gida kamar amarya. Shi zan ba ku yau, don na san a cikinku akwai masu irin ciwonta, ko da ya ke ba su taɓa kwana a mota ba.

A farkon 2024 aka aike mu kos na wata uku na malaman firamare a Jihar Arizona. Aka rarraba mu gidajen mutane, ni aka sauke ni wurin wata tsohuwar malamar makaranta a garin Mesa, wanda ke kusa da Phoenix, babban birnin jihar. Ta ba saba'in baya kaɗan, mijinta bai cika shekara da rasuwa ba. Ran da na isa ta faɗa mini sunanta, ta ce in riƙa kiranta da shi, gama haka al'adarsu ta ke. Na ce mata bakina ba zai iya kama sunan sa'ar kakata ba, sai dai in ce da ita Iya. Ta tambayi ma'anarsa, na gaya mata. Ta yi murmushi ta ce, “To, shi ke nan, 'yata.”

Gidan ƙarami ne, ɗaki biyu da falo da madafa. A gefensa kuwa ga wata ƙatuwar mota fara a tsaye, mai tagogi da labule, kamar bas ɗin da ke zuwa Ikko. Daren farko na farka wajen ƙarfe biyu, na leƙa ta taga, sai na ga fitila a kunne cikin motar. Gabana ya faɗi, na ce ɓarayi ne. Na je ɗakin Iya in tashe ta, na tarar da gado a gyare, ba kowa. Ashe ita ce a ciki. Da safe ta ce mini, “Kada ki ji tsoro. In barci ya ƙi zuwa a ɗaki, can na ke komawa. Ɗakin nan ya yi mini faɗi.”

Bari in kwatanta muku motar. Tsawonta ƙafa 30, faɗinta ƙafa 8. Bayan kujerar direba akwai tebur da benci biyu, in an sauke teburin ya zama gadon baƙo. Daga nan sai murhun gas mai kai uku, da firji, da wurin wanke-wanke wanda bai fi faranti ba. Sai makewayi da wurin wanka, inda mutum ba ya iya miƙa hannuwansa duka biyu. Can ƙurya gadon masu gida. Kowane kabad yana da sakata, don kada kwanuka su zube in an sha kwana. A kan rufi akwai faifan sola, a ƙarƙashi kuwa tanki uku: na ruwan sha, da na ruwan wanke-wanke, da na bayan gida. Biyun nan na ƙarshe, in sun cika, sai an tuƙa motar zuwa wurin da aka tanada, a sa mesa a juye. Wannan shi ne aikin da matafiya ba su cika ba baƙi labarinsa ba.

A 2011 ita da maigidanta suka bar aiki, suka sayar da gidansu na Jihar Ohio, suka raba wa 'ya'ya da maƙwabta kayan da suka tara cikin shekara talatin da 'yan kai, suka shiga wannan mota. Da bazara su yi arewa inda ke da sanyi, da hunturu su gangaro kudu. Masu irin wannan kai da kawo Amurkawa suna yi musu laƙabi da tsuntsayen ƙanƙara, kamar dai yadda mu ke ganin shamuwa da zuwan damina. A dajin gwamnati a kan bar mutum ya yi zango kyauta har kwana 14, sa'an nan dole ya gusa. Na ce, “Iya, wasiƙa fa? Ina a ke samunku?” Ta ce akwai wata ƙungiya ta matafiya mai suna Escapees, watau waɗanda suka tsere, wadda Joe Peterson da matarsa Kay suka kafa a 1978. Tana da ofishi a garin Livingston na Jihar Texas, inda a ke karɓar wasiƙun 'yan ƙungiya a tara, a aika musu duk inda suka ce. Saboda haka a takarda Iya mutuniyar Livingston ce har shekara 11, alhali kwanakin da ta yi a garin ba su cika wata biyu ba.

Ku matan aure, ga inda za ku yi mamaki. Tankin ruwan shan motar galan 60 ya ke ci, watau duro ɗaya da ɗan ƙari. Da shi su biyu su ke sha, su yi girki, su yi wanka da wanke-wanke har kwana goma. In za ta yi wanka sai ta buɗe famfo ta jiƙa jiki, ta rufe, ta sa sabulu, ta sake buɗewa ta ɗauraye. Kwano kuwa sai ta goge maiƙonsa da takarda kafin ruwa ya taɓa shi. Na yi dariya na ce, “Iya, ai wannan kowace yarinya a unguwarmu ta iya, gama mu a wurin 'yan garuwa mu ke saye.” Game da kaya kuma doka ɗaya gare su: in sabon abu ya shigo, tsoho ya fita. Tukunya biyu, cokali huɗu, riga bakwai. Ta ce a shekarun nan ba ta taɓa neman wani abu ta rasa inda ta ajiye shi ba.

Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo. A 2022 idon maigidan ya fara dushewa, zuciyarsa kuma ta soma ba shi wahala. Likita ya ce yana so ya riƙa ganinsa kowane wata, ba yau a ga wannan likita a gabas, gobe wancan a yamma ba. Da sauran kuɗinsu suka sayi ɗan gidan nan na Mesa. Iya ta ce ta ɗauka wahala ta ƙare, ga famfo ba ya yankewa, ga wuta, ga fili. Ashe yanzu aka fara. Ta tsaya a tsakiyar falo ta rasa inda za ta zauna. Duk kayansu da aka kwaso daga mota ba su cika kabad ɗaya ba. Bayan kwana 14 sai ta ji ƙafarta tana ƙaiƙayi, ta leƙa taga ta ga katangar jiya ita ce ta yau. Akwatunan kwali shida da 'yarta ta aiko, na hotuna da tangaran ɗin da suka ba ta ajiya tun 2011, ta jera su a lungu, ta ƙi buɗewa. Har na zo gidan suna nan a ɗaure.

Amma abin da ya fi ba ta wuya shi ne mutane. Ta ce a hanya abota ba ta da tsada. Ka yi zango, ka fito da kujera bakin ƙofa, kafin magariba ka yi abokai biyar, kun ci tare kun yi hira. In wani ya dame ka da surutu ko ƙarar janareta, da asuba ka murza makulli ka bar masa wurin. Ta shekara 11 ba ta ba kowa haƙuri ba, ba wanda ya ba ta. Na ce mata mu Hausawa mu kan ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Ta sa na maimaita, ta rubuta a takarda ta manna a jikin firji.

Da wa ta saɓa? Da maƙwabciyarta, wata mata 'yar asalin Meziko mai jikoki biyar da kare mai haushi. Watansu na farko suka yi cacar baki a kan karen, suka daina gaisawa. Sai ga bazarar 2023, wadda mutanen Phoenix ba za su manta da ita ba, gama kwana 31 a jere zafi yana kai awo 43 ko fiye. A cikin kwanakin nan ne maigidan ya faɗi a madafa da sassafe, Iya ta ruɗe, ta durƙusa kansa, ta ma rasa inda ta sa wayarta. Maƙwabciyar nan ta lura ƙarfe takwas ta wuce ba a ɗaga labulen madafa ba, alhali kullum ƙarfe shida a ke ɗagawa. Ta zo ta buga ƙofa, ita ta kira motar asibiti. Bayan kwana huɗu ya cika. Mako biyu matar nan tana aiko da abinci. Iya ta ce mini, “Wadda na ƙi gaisarwa ita ce ta san lokacin da na ke ɗaga labulena.”

Ana nan, a tsakiyar Janairu, ta ce in shirya ran Asabar za mu Quartzsite, ta sami mai sayen motar. Muka ɗaura ƙaramar motarta a bayan babbar, kamar yadda matafiyan su ke yi, don mu sami abin komowa. Tafiyar kusan mil 150 ce yamma, kamar daga Kano zuwa Kaduna, a kan babbar hanya mai lamba 10. Da muka bar gari sai fili fetal, da tsakuwa, da baƙaƙen duwatsu can nesa. Ga wani irin ƙerana dogo, ya fi mutum uku tsawo, mai rassa kamar wanda ya ɗaga hannuwa yana addu'a. Sunansa saguaro, ya kan yi shekara hamsin ko fiye kafin ya fitar da reshe na fari. Iya tana tuƙi ba ta ko magana, sai dai wani lokaci ta nuna wani kwari ta ce, “Mun kwana a can.”

Quartzsite ƙauye ne. A ƙidayar 2020 mutanensa 2,413 ne. Amma da hunturu, in kun gan shi, sai ku ce Mina ce ran da alhazai suka sauka. Motoci farare iyakar ganin ido, dubbai bisa dubbai, wasu kamar fada, wasu kuwa tsofaffin motocin ɗaukar kaya da aka shimfiɗa wa katifa. Ga kasuwar duwatsu masu ƙyalli, ga babbar rumfar da a ke baje kolin motoci da kayansu. Kudu da garin akwai filin gwamnati mai suna La Posa, inda a wancan lokacin dala 180 ta ishi mutum ya zauna tun daga 15 ga Satumba har 15 ga Afrilu. Kada ku ɗauka duk masu yawon shan iska ne. Akwai waɗanda suka rasa gidajensu tun rikicin bashin gidaje na 2008, akwai tsofaffin da kuɗin fanshonsu bai isa haya ba. Su ne wata 'yar jarida, Jessica Bruder, ta rubuta littafin Nomadland a kansu a 2017, aka mai da shi fim a 2020. Na ga wata tsohuwa tana dafa wake a bayan ƙaramar mota, komai nata na duniya yana ciki.

Da yamma tsofaffin abokan Iya suka kewaye wuta, kowa da kujerarsa, ga sanyi kamar na tsakiyar hunturu a Jos. Suka yi ta ba da labarin marigayi, ana dariya ana share hawaye. Sa'an nan suka taso mata. Wani ya ce, “Me za ki yi a cikin akwatin bulo? Yanzu ba likitan da ya ɗaure ki. Komo cikinmu.” Wata ta tuna mata cewa ko tsufa ya zo, akwai wurin da Kay Peterson, wadda dā ma nas ce, ta kafa a Livingston a 1992, inda matafiyin da ƙarfinsa ya ƙare ke ajiye motarsa, yana kwana a cikinta, ana ba shi abinci ana duba lafiyarsa. Na dubi Iya, na ga maganar ta shige ta. A daren nan ina kan gadon baƙo ina jin tana juyi har asuba. Na ce a raina, gobe ba za a yi cinikin nan ba.

Da gari ya waye ta ce in zo ta nuna mini wani Alhaji. Na ce Alhaji a nan? Ta kai ni makabartar garin. Ga wani gini na duwatsu mai tsini kamar dalar Masar, bai fi mutum biyu tsawo ba, da siffar raƙumi ta ƙarfe a ƙwanƙolinsa. A 1855 majalisar Amurka ta ware dala 30,000 don sojoji su gwada aiki da raƙuma a hamada. Tsakanin 1856 da 1857 aka kawo raƙuma fiye da 70 a jirgin ruwa, tare da masu kula da su daga ƙasashen daular Turkawa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Hajji Ali, wanda bakin sojoji ya kasa, suka mai da shi Hi Jolly. Ya ja raƙuma a ayarin da ya auna hanya zuwa Kogin Colorado a 1857. Da yaƙin basasa ya tashi a 1861 aka watsar da aikin, aka sayar da wasu raƙuman, wasu suka shiga daji. Shi kuwa ya ci gaba da yawo, yana dako yana neman zinariya, har ya rasu a Quartzsite a 1902. A 1935 aka yi masa wannan gini. Na yi masa addu'a. Iya ta daɗe tsaye, kana ta ce, “Shi ma a ƙarshe wuri ɗaya ya kwanta, shi ya sa mu ke iya zuwa gaishe shi. Nawa yana Mesa. In na bi hanya, wa zai je wurinsa?”

Da azahar masu saye suka zo, wani saurayi da matarsa, ita nas ce mai aikin kwantiragi daga wannan asibiti zuwa wancan. Iya ta yi awa biyu tana nuna musu komai: yadda a ke juye tanki, da sakatar da ke sullewa, da tagar da ke yoyo in ruwa ya zo daga yamma. Ba ta ɓoye aibi ko ɗaya ba. Ta bar musu tukwane da kujeru. Abu biyu kaɗai ta ɗauka, butar shayi, da littafin da maigidanta ya riƙa rubuta sunan duk inda suka kwana. Ta miƙa makulli, ta shafa jikin motar kamar mai sallama da doki. Muka shiga ƙaramar, ba ta waiwaya ba. Sai da muka yi wajen mil ashirin ta ratse gefen hanya, ta kifa kai a sitiyari ta yi kuka mai isarta. Ban ce mata komai ba, na dai riƙe hannunta.

Mun iso Mesa bayan isha'i. Fitilar ƙofa tana kunne, maƙwabciya ta kunna. Ɗan itacen lemon da marigayi ya dasa watan da suka tare, gindinsa a jiƙe, an ba shi ruwa. Kashegari muka kwance akwatunan nan shida. Muka jera tangaran, muka rataye hotuna, jikokin maƙwabciya suna miƙo ƙusa, karen yana ta haushinsa ba mai kula shi. Tun daga ranar har na taso, a ɗakinta ta ke kwana.

'Yan'uwana, ina kwance akwatunan nan mahaifiyata na ke tunawa. Babanmu ma'aikacin gwamnati ne, na tashi ana ta yi masa canjin wurin aiki, daga Zariya zuwa Kafanchan, daga can zuwa Gusau. Kwallayen aurenta suna ɗaure cikin buhu duk shekarun nan. In an ce ta jera sai ta ce, “Ina amfani, ai tashi za mu yi.” Ba ta shiga adashin unguwa ba, ba ta dasa ko zogale ba. Da Baba ya bar aiki muka tare a gidanmu na kanmu, sai da ta shekara biyu kafin ta kwance buhun, ta tarar tsatsa ta ci rabi.

Saboda haka ke matar ɗan sanda, da ke matar malami, da ke amaryar da aka kai garin da ba ki san kowa ba, ga abin da na samo muku daga hamadar Arizona. Abin da hanya ta koya wa Iya ku riƙe shi: tattalin ruwa, da rashin tara tarkace. Amma inda duk Allah ya sauke ki, ko na shekara ɗaya ne, ki kwance kayanki a makon farko. Ki shiga maƙwabta ki gaishe su tun ba su zo ba. Ki je suna, ki je gaisuwar rasuwa. In kun saɓa ki daure, ki riga ta sallama. Ki dasa wani abu, ko wata ce za ta ci. Ku kuma 'yan makaranta masu ɗokin ganin duniya, ku je ku gani, tafiya mabuɗin ilmi ce, ni ma na je. Ku dai tabbata akwai inda za a lura in ba ku ɗaga labule ba.

Makon jiya Iya ta aiko mini da hoto ta waya. Lemon ya yi 'ya'ya bakwai, ta ce ta kai wa maƙwabciya huɗu. Allah ya ba mu maƙwabta na gari, ya sa mu ma mu zama na gari. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.